Yadda Iyaye da Unguwa Za Su Tare Cikin Ƙuruciya, da Abin Yi Idan Ya Riga Ya Shiga

Mafi yawan 'yan matan da ke ɗaukar ciki kafin su kai shekara 18 a ƙasar Hausa, a ɗakin aurensu suke ɗaukarsa. Wannan ne abu na farko da mai son gyara zai riƙe, domin da an ambaci cikin ƙananan yara sai hankali ya tafi ga wadda aka yaudara a waje, alhali ba ita ce mai rinjaye ba. Jiki kuwa bai san an shafa fatiha ko ba a shafa ba. Ƙashin ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa har wasu shekaru bayan ta fara al'ada, kuma idan ciki ya riga shi, haɗarin ɗaya ne ga amarya da wadda ba amarya ba.

Binciken lafiyar al'umma na Nijeriya na 2018 ya nuna kashi 19 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. A Arewa maso Yamma kashi 29 ne, a jihar Bauchi 41, a Legas kashi 1. Lambar da ta fi amfani ga mai neman mafita ita ce ta karatu: a cikin waɗanda ba su shiga makarantar boko ba kashi 44 ne, a cikin waɗanda suka kai sakandare bai wuce 8 ba. A Nijar, binciken 2012 ya nuna kashi 76 na mata an aurar da su kafin shekara 18, kashi 28 kafin 15, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram suna cikin waɗanda abin ya fi yawa. Ba halitta ce ta bambanta yarinyar Bauchi da ta Legas ba. Hanyoyin da ke kai ta ga ciki da wuri sanannu ne, kowace da lokacinta, kuma ana iya tare su tun kafin a iso bakinsu.

Shekara 9 zuwa 12: maganar da kunya ke hanawa

Yawancin 'yan mata suna fara al'ada tsakanin shekara 10 da 15, don haka maganar ta riga jinin zuwa. Matsalar gidajenmu ita ce uwa tana jin nauyin 'yarta, balle 'yar fari da ko sunanta ba ta faɗa. Kada a ɓata lokaci ana yaƙi da wannan kunyar. A naɗa wadda za ta yi maganar: gwaggo, ƙanwar uwa, yayar da ta yi aure, ko malamar Islamiyya, wadda babin haila da wanka ya riga ya buɗe mata ƙofa. Abin da ake so shi ne a ambaci mutum ɗaya da suna, a gaya mata aikinta ne, saboda abin da aka bar wa kowa ba mai yin sa.

Abubuwa huɗu ne dole su shiga kunnen yarinyar, da kalmomi a fili. Jinin zai riƙa zuwa kusan duk kwana 21 zuwa 35, ya yi kwana 2 zuwa 7, kuma a shekarun farko yakan rikice. Ciki yana shiga ne ta saduwa da namiji, ko sau ɗaya ne, ko na farko ne, har ma kafin a ga jinin farko, domin ƙwai yana fita kimanin mako biyu kafin jini. Wanka, tsalle, shan jiƙo ko ruwan kanwa ba sa hana shi. Na huɗu, babu wanda ke da ikon taɓa mata jiki, ko malami ne, ko ɗan'uwa, ko maigidan da take wa aiki. Gargaɗin nan na "kar ki bari namiji ya taɓa ki, ciki za ki yi" ya fi cutarwa fiye da amfani: yarinya ta ga an riƙe mata hannu ba ta yi ciki ba, daga nan ta daina gaskata duk sauran.

A rufe da alkawari, kuma a cika shi: "'Yar nan, duk abin da ya same ki, ni za ki fara gaya wa. Ba zan dake ki ba, ba zan tara miki mutane ba." Masu lalata yara da tsoron duka suke aiki. Sun san yarinyar da ke tsoron gida ba za ta faɗa ba.

Talla da kayan ɗaki

A nan ne al'ada da talauci suka fi haɗuwa. Uwa tana cikin kulle, sana'arta tana cikin gida, ƙafarta ita ce 'yarta. Ribar tallan kuma ba ta tuwo kaɗai ba ce, ta kayan ɗaki ce: gado, katifa, kujeru, jeren kwanuka, ga gara a gaba. Uwar da ta kai 'yarta da ɗaki fayau ta san abin da dangin miji da kishiyoyi za su faɗa. Saboda haka wanda ya zo yana cewa a daina talla kawai, bai kawo abin da zai maye gurbinsa ba, za a ba shi tabarma a saurare shi, washegari tire ya koma ka.

Abin da ke aiki shi ne a rage haɗarin yau, a kuma canza hanyar tara kuɗin. Talla ya tsaya kafin magariba. Ban da tasha, gareji, wurin gini, majalisar samari da shiga ɗaki ko shagon kowa don karɓar kuɗi. Su tafi biyu ko uku, kada a raba su. Doka mafi muhimmanci ta uwa ce: kada a taɓa dukan yarinya don kaya sun yi kwantai ko kuɗi sun ɓace. Yarinyar da ta san bulala na jiranta ita ce ke amsa kiran mai cewa "kawo in juye duka". Idan aka ga kaya suna ƙarewa da wuri fiye da yadda aka saba, ko ta dawo da canjin da ya wuce lissafi, ko sabuwar waya, turare da man shafawa da ba a saya mata ba, a zauna da ita cikin lumana a tambayi wanda ke saye. Wannan alama ce ta bincike, ba ta murna ba.

Ta ɓangaren kuɗi, a sarar wa mai shago ko mai tebur a ƙofar gida ko da ribar ta ragu, a sanar da masu saye su aiko, a shiga adashin da aka ware don kayan ɗaki tun yarinya tana firamare. Mu a ganinmu, gyara mafi ƙarfi yana hannun dangin ango da masu unguwa. Duk unguwar da liman da mai unguwa suka tsaya aka taƙaita gara da lefe, aka daina zuwa ganin ɗaki don ƙirga kaya, an sauke wa 'yan mata rabin tiren da ke kansu.

Aikatau a birni ya fi talla haɗari, domin yarinyar tana kwana inda ba mai jin kukanta. Wanda ya ba da 'yarsa ta hannun dillaliya, bai san gidan ba, ba ya jin muryarta a waya ita kaɗai duk mako, ya sani bai san halin da take ciki ba.

Makaranta: wurare biyu da ake zubewa

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Amma yara mata ba a tsakiyar zango suke barin karatu ba, a mahaɗa suke zubewa: daga aji shida na firamare zuwa ƙaramar sakandare, da kuma daga aji uku zuwa babbar sakandare. Hutun da ke tsakani shi ne lokacin da manema ke turo magabata. A nemi gurbi, a ɗinka kayan makaranta, a biya abin da za a biya tun kafin hutun ya fara, yadda duk mai zuwa zai tarar an riga an yi shiri.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu kore yarinya a hankali. Nisa: a haɗa su rukuni, ko iyaye huɗu su ɗauki mai a-daidaita-sahu ɗaya da aka sani. Audugar mata ko tsumma mai tsabta, da banɗaki mai ƙofa, wanda kwamitin iyaye da malamai zai iya matsa wa a gyara. Sai kuma duba littafinta: idan ta kai aji biyar ba ta iya karanta jimla ba, uban zai ce asara yake yi, kuma ba za a iya musa masa ba. Wannan ne ya sa tsarin da Cibiyar Ilimin 'Ya'ya Mata ta Zariya ke bi ya yi tasiri, inda ake tara 'yan mata rukuni-rukuni a wani gida da iyaye suka yarda da shi, wata babbar mace tana koya musu karatu, lissafi, kiwon lafiya da sana'a. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura mata malamai da ake kira jaji zuwa ƙauyuka suna karantar da mata a tsarin 'Yan Taru tun ƙarni na 19. Unguwa za ta iya kafa nata da tsakar gida ɗaya, mace ɗaya amintacciya, yara 15 zuwa 20, sau biyu a mako.

Idan maganar aure ta taso

Uban da ke gaggawar aurar da 'yarsa yawanci ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Yana tsoron abin kunya, yana tsoron a ce ta gandame a gida, wani lokaci kuma baki ɗaya yake son ragewa a kan tukunya. Wanda ya shiga masa da zargi ya rufe ƙofa. A tura wanda yake jin nauyi, wansa, amininsa ko limamin masallacinsu, a same shi shi kaɗai, ba a gaban iyali ba. A fara da abin da ya dame shi: "Malam, mun san mutuncin yarinyar nan kake karewa, mu ma shi ya kawo mu." Sannan a kawo maganar jiki, da maganar cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni a nemi izinin budurwa, kuma malaman fiƙihu sun raba ɗaurin aure da tarewa, sun hana abin da zai cutar. Dokar kare haƙƙin yara ta Nijeriya ta 2003 ta sa shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, amma a zaure hujjar lafiya da ta addini sun fi saurin shiga.

A nemi abu mafi girma tukuna: a jira ta gama sakandare. Idan bai samu ba, a sauko mataki-mataki. A yi baiko a ɗaga biki. Idan an ɗaura, a ɗaga tarewa. Idan ta tare, a rubuta sharaɗin ci gaba da karatu a gaban waliyyai da shaidu, da sunan makarantar da wanda zai biya, saboda alkawarin baki na "zan bar ta ta yi karatu" yakan mutu da cikin fari. Kuma a kai ango da amarya asibiti su ji hanyoyin jinkirta cikin farko: ƙwayoyi na kullum, allurar wata uku, ko ashanar hannu mai shekara uku zuwa biyar. Ba sa hana haihuwa har abada. Allura dai takan sa a yi wasu watanni kafin ciki ya samu bayan an daina, ashana kuwa da an cire shi ke nan. Wadda za a fi shawo kanta ita ce uwar miji, domin ita ke ƙirga watanni. A Damagaram an ga amfanin makarantun mazaje, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar matansu, saboda izinin zuwa asibiti da kuɗin mota a hannunsu suke.

Idan ciki ya shiga

Daga nan aiki ya koma ceton rai biyu. Kunyar cikin fari tana sa a ɓoye shi har wata shida ko bakwai, kuma wannan jinkirin ne ke kisa. Da al'ada ta wuce da mako ɗaya zuwa biyu a yi gwajin fitsari, a fara awo kafin ciki ya cika mako 12. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je sau takwas aƙalla.

A wurin awo a tabbata an auna hawan jini kowane zuwa, an gwada fitsari, an duba yawan jini, rukunin jini, sikila, ƙanjamau da ciwon hanta. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ba na jira ba ne. Ƙwayar ƙarin jini kullum ake sha har bayan haihuwa. Takan baƙanta bayan gida, ta kawo tashin zuciya, ba illa ba ce; a sha bayan abinci, kada a kora da shayi domin yana hana jiki ɗaukarta. Maganar cewa tana ƙara wa jariri girma har ya ƙi fita ba gaskiya ba ce, rashin jinin ne ke kashe mai haihuwa idan ta zubar da kaɗan. Fansida, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku ake sha a gaban ma'aikaciya daga wata na huɗu, tsakanin kowane sha wata guda, sau uku aƙalla, ban da mai shan Septrin kullum. A kwana cikin gidan sauro. Allurar rigakafin sarƙewar haƙora biyu ce, mako huɗu tsakani. Abinci kuwa, yarinyar ita ma girma take yi: wake, ƙwai, zogale, gyaɗa, nono, kifi, hanta jefi-jefi. Hana mai ciki ƙwai ba shi da tushe.

Jijjiga ta fi kama masu cikin fari da ƙananan shekaru. Kafin ta zo takan yi sallama: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Idan ta faɗi tana jijjiga, ba iska ba ce. A kwantar da ita ta gefen hagu, kada a cusa mata cokali, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a yi hayaƙi, a nufi asibiti inda ake da allurar da ke tsayar da ita. Addu'a a yi ta a cikin mota. Haka zubar jini, fashewar faya ba naƙuda, zazzaɓi mai zafi, ko jariri ya daina motsi, duk na gaggawar zuwa asibiti ne.

Tun wata na bakwai a gama shirin haihuwa, musamman idan za ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a ƙauye: wane asibiti ne ke yin tiyata da ƙarin jini, lambar direba biyu, kuɗi a ajiye, mutum biyu masu ba da jini, da izinin miji wanda ya bayar tun yanzu a gaban uwarsa, cewa ko ba ya nan a tafi. 'Yar ƙasa da shekara 18 a asibiti take haihuwa. Dauriyar da ake yaba wa mai haihuwar fari, ta yi shiru a ɗaki kada a ji ta, ita ce ke sa a kwana biyu ba a sani ba. Naƙudar da ta kai awa 12, wato rana ta fito ta faɗi a kanta, ta zama doguwa.

Ga abin da ke faruwa a jiki idan naƙuda ta yi tsawo. Kan jariri ya tsaya a ƙugun da bai ishe shi ba, ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina kai wa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa, shi ne yoyon fitsari. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya huda mafitsara ya ƙara zubar jini. Idan yoyon ya fara, a je asibiti a makon, domin robar fitsari da aka bari mako huɗu zuwa shida takan rufe ƙaramin rami ba tare da aiki ba. Idan bai rufe ba ana gyarawa a Babbar Ruga a Katsina, cibiyar Laure a asibitin Murtala na Kano, Ningi a Bauchi, Jahun a Jigawa, da Danja kusa da Maraɗi. Bayan aiki a kiyaye watannin da likita ya ɗiba kafin komawa ɗakin miji, haihuwa ta gaba kuma tiyata ce.

Cikin da ba na aure ba

Kafin a ɗaga hannu a yi tambaya: wa ya yi, tun yaushe, da yardarta ko da ƙarfi. 'Yar shekara 13 ko 14 da babban mutum ya yi wa ciki, zalunta aka yi, ko da ya ba ta kuɗi. Idan fyaɗe ne sabo, kada ta yi wanka ko a wanke tufafin in zai yiwu, a kai ta asibiti nan take: maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, na hana ɗaukar ciki cikin kwana biyar, kuma gwargwadon sauri gwargwadon amfani. Cikin cibiyoyin taimaka wa waɗanda aka yi wa fyaɗe akwai cibiyar Waraka a Kano, cibiyoyin Salama a jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. A karɓi rahoton likita a kai ga hukuma. Sulhun zaure da ake karɓar kuɗi a rufe magana yana sake mai laifin ne ya koma kan wata, aurar da ita gare shi kuwa ya fi komai muni.

Korar yarinya daga gida da barazanar kashe ta su ne ke kai ta ga mai kemis ko mai jiƙe-jiƙe, daga nan zubar jini, ruɓewar mahaifa, ko jariri a kwata. Idan zaman unguwa ya yi nauyi, a kai ta wurin gwaggo ko kaka a wani gari, da katin awonta, da wadda za ta riƙa raka ta. Idan an riga an taɓa cikin, ga jini ko zazzaɓi ko wari, a kai ta asibiti a faɗi gaskiyar abin da ta sha.

Bayan haihuwa

A sa jariri a nono cikin awa ɗaya, a ba shi dakashi, kada a zubar. 'Ya'yan ƙananan mata sun fi zuwa ba su kai kilo biyu da rabi ba ko bakwaini. Irin waɗannan a ɗora su a ƙirjin uwa fata da fata, a rufe, a jinkirta wanka aƙalla kwana ɗaya. Wankan jego a yi shi da ruwa mai ɗumi, ba tafasasshe ba, kunun kanwa kuma a rage ƙwarai, domin likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da zafin jego da ciwon zuciyar masu jego. Kumburin ƙafa, haki da kasa kwanciya a miƙe bayan haihuwa na asibiti ne.

Ciki na biyu a kan na farko shi ne abin da ya fi saurin faruwa, kuma shi ke rufe ƙofar makaranta gaba ɗaya. Shayarwa tana karewa ne kawai idan jariri bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariyar ta faɗi. A zaɓi hanyar tazara kafin ta koma daga wankan gida, ranar awon mako shida, a bar shekara biyu kafin wani cikin. A ranar kuma a yanke wa zai riƙe jariri da safe, a je wurin shugabar makarantarta da maganar komawa, in ba ta yiwu ba a rubuta sunanta a ajin manya na hukumar ilimin manya ko cibiyar mata mafi kusa kafin zango ya fara.